SANKARAR MAMA, TIYATAR GYARA DA ANNOBAR KORONA



Wata baiwar Allah ta turo min saƙo a lokacin annobar korona. Likitoci sun tabbatar tana da sankarar mama, sun ce dole a cire. Da an shirya za a gina mata wani a madadinsa a tiyata ɗaya, sai ga korona. Yanzu an ce cirewa kawai za a yi, gyara sai gaba. Tambayarta biyu ce: shin gyaran ya halatta? Kuma ko ta jira annoba ta wuce a haɗa mata duka?

Amsar ta farko: ya halatta. Wannan magani ne, ba canza halittar Allah ba ne. Abin da aka hana shi ne taɓa lafiyayyar gaɓa don neman ƙarin kyau. Mayar da gaɓar da cuta ta ɗauke kuwa hukuncinsa daban. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun a jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Ku lura fa, zinare haramun ne ga namiji, amma aka halatta masa don a kawar da nakasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Malesiya a 2007, ta ambaci sake gina mama bayan an cire shi cikin tiyatar da ta halatta. Ko da silikon za a yi, ko da naman da aka ɗebo daga ciki ko gadon baya.

Amsar ta biyu: 'yar uwa, don Allah kada ki jira. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020, ƙungiyoyin likitocin tiyata a Ingila da Amurka ma suka ba da shawarar a ɗage irin wannan gyaran. Dalili shi ne yana ƙara sa'o'in tiyata da kwanakin jinya, ga shi a lokacin gadaje da ma'aikata sun yi ƙaranci. A ma'aunin shari'a, tsare rai larura ce, gyaran buƙata ce, kuma larura ake gabatarwa. Gyara yana yiwuwa bayan watanni, har bayan shekaru. Ita kuwa sankara ba ta san kulle ba, yaɗuwa take yi.

Sai ku mazaje. Wallahi tsoron abin da miji zai ce yana cikin abin da ke hana mata zuwa asibiti har sai cuta ta ci jiki. Matarka amana ce. Ka raka ta asibiti, ka sa hannu a takarda, ka hana bakin dangi. Idan lokacin gyara ya yi, kada ka ce almubazzaranci ne. Masu hali kuma ku taimaka, don kuɗin aikin ya fi ƙarfin talaka.

'Yar uwa, a cire yanzu, ki nemi a rubuta maganar gyaran a katinki, ki ci gaba da bibiya. Darajarki a wurin Allah ba ta ragu ba ko kaɗan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.