Littattafan 'Yandoto da Faifan Shaihu Umar

A birnin Balin na ƙasar Jamus akwai wani gidan sinima da ake kira Arsenal, wanda wata ƙungiya da aka kafa a 1963 ta buɗe a 1970, ba domin riba ba, sai domin tattara tsofaffin finafinai da nuna su ga masu neman sani. Kuma al'adar irin waɗannan gidaje ce, idan shekaru suka cika, su keɓe makonni suna fito da abin da suka nuna tun farkon kafuwarsu, kamar yadda tsohuwa take buɗe adaka ta nuna wa jikoki kayan aurenta. Da labarin ya tsaya nan da ban ɗauki alƙalami ba, gama me ya haɗa mutumin Gusau da shagalin Jamusawa? Abin da ya ja ni shi ne, da taimakon wannan gida aka ceto fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Faya-fayan sun daɗe cikin ƙura a wani tsohon ɗakin ajiya, sai a 2016 aka gano su, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Bajamushe ya zauna ya ga malamin Hausa yana ba almajiransa labarin rayuwarsa, alhali da yawa cikin 'ya'yanmu ko jin an yi fim ɗin ba su taɓa yi ba.

Daga nan mas'alar ta taso mini: abin da malamai suka ƙi, ko suka yi saɓani a kansa, shin akwai haƙƙin adana shi a wuyan al'umma, ko kuwa barinsa ya ruɓe shi ne tsantseni?

Ƙin da malamanmu suka yi wa sinima ba da ka suka yi shi ba. Tun da aka buɗe gidan Rex a Kano a 1937 suka ga abin da suka gani: duhu, da cakuɗuwar maza da mata, da taro daidai lokacin da ake kiran magariba da lisha, ga kuma tsohuwar mas'alar sura, wadda fuƙaha'u suka daɗe suna rarrabe mai inuwa da marar inuwa a cikinta. Da gobara ta tashi a gidan El Duniya ranar 13 ga Mayu, 1951, ta ci rayuka fiye da ɗari uku, mutane da yawa suka ɗauka hukunci ne ya sauka. Allah shi ne masanin gaibu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma kuma a cikin shekarun nan guda, motar majigi tana zagaya garuruwa da iznin sarakuna, ina yaro na ga an kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, dattawa a gaba bisa tabarmi, mu muna leƙe ta bayansu, ana nuna fim ɗin Baban Larai domin koya wa manoma gyaran auduga, abin da ba baƙo ba ne ga ƙasar da jirgin ƙasa ya iso tun 1929 yana kwasar auduga da gyaɗa. Haske ɗaya, na'ura ɗaya, ga shi an karɓi majigi an ƙi sinima. Ashe hukuncin bai rataya ga zatin abin ba, ya rataya ne ga abin da ya kewaye shi. Saboda haka da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen sinima, ban ga abin jayayya ba; mai iko yana da damar toshe kafar ɓarna idan ya ga ta rinjayi maslaha. Sai dai rufe ƙofa daban, shafe alama daban.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa cancantar gane wannan bambanci, domin kangon 'Yandoto yana nan kusa da Tsafe, har yau sarautar Tsafe da sunansa ake kiranta. Birni ne na malamai tun ƙarnoni kafin jihadi, wanda almajirai suke niƙo gari su zo gare shi daga nesa, wanda kuma riwaya ta ce daga cikinsa Muhammadu Korau ya fito ya hau gadon Katsina. Malamansa suka ƙi bin da'awar Shehu Usmanu, Muhammadu Bello ya ci garin a wajen 1806, jama'arsa ta watse, Malam Sambo ɗan Ashafa da mabiyansa suka raya Gusau. Ana kuma faɗa, baki da baki, cewa takardun littattafan garin iska ta yi ta yawo da su a daji. Ni ba ni da tsayin da zan yi alƙalanci tsakanin waɗannan bayin Allah, kuma ina cikin masu cin albarkar abin da Shehu ya kafa. Amma abin da yake ci mini rai shi ne, galibin abin da muka sani na hujjar malaman 'Yandoto ta bakin waɗanda suka rinjaye su muka ji shi; kuma alƙali, komai adalcinsa, ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda. Da littattafan sun tsira, la'alla da sun ƙara tabbatar mana da gaskiyar masu jihadi. Ɓatansu bai ƙari kowa ba, ya dai bar mu muna gaskatawa ba tare da mun gani ba.

Alƙur'ani ya yawaita umartar mu da tafiya cikin ƙasa da duban ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ba kufan salihai kaɗai ya nufa ba. Ibn Khaldun ma da ya rubuta babban tarihinsa, da lafazin ibra ya sa masa suna. To, yaya za a yi i'itibari da abin da ba a bar masa ko ɓurɓushi ba? Adana abu ba shaidar yarda da shi ba ne, in ba haka ba da malaman akida ba su cika littattafansu da maganganun Mu'utazilawa ba.

Akwai dai haɗari ta ɗaya gefen, ba zan ɓoye ba. Waiwaye yakan rikiɗe ya zama alfahari, irin na ƙabilun nan da masu tafsiri suka ambata, waɗanda suka ƙirga rayayyunsu bai ishe su ba har suka je maƙabarta suna ƙirga matattu. Gidan da ya fito da tsofaffin faya-fayansa domin a tafa masa kawai, wannan lahawu ne a kan lahawu. Wanda ya fito da su domin a ga yadda kakanni suka naɗa rawani, da yadda suka yi gaisuwa, da Hausar da suke yi kafin ta gauraya, da kuma inda ƙafarsu ta zame, wannan amana ya sauke.

Saboda haka nake roƙon malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau da masu riƙe da sarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, su nemi Shaihu Umar daga Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos, a nuna shi da hantsi, maza gefe mata gefe, a gayyaci malamai su zauna a sahun gaba su faɗi abin da suka gani. Kai kuma mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku da ya ga majigi a ƙofar fada, ka zauna gabansa da takarda tun yana iya ba da labari.