Amanar Na'ura: Tsakanin Yawan Shaidu da Ingancin Shaida

 

Ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Ya datar da mu da kai, cewa a wannan zamani an ɗora wa kwamfuta amanar da a da ba a ɗora wa kowa sai dattijon da aka daɗe ana jarrabawa. Ita ke riƙe da lissafin dukiyar marayu a banki, ita ke auna maganin da ke ɗiga a jijiyar majinyaci, ita ke riƙe da linzamin jirgin sama alhali ɗaruruwan rayuka suna barci a cikinsa. Ga shi kuwa an haɗa ta ne da ƙarfe da yashi da rubutun ɗan Adam, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da ba ya lalacewa ko kuskure. Saboda haka aka sami wani fanni na bincike da ya tashi a kan tambaya guda: ta yaya za a gina abin dogaro daga kayan da su kansu ba abin dogaro ba ne?

Wanda ya fara fuskantar tambayar gadan-gadan shi ne masanin lissafi John von Neumann, a laccocin da ya gabatar a Kalifoniya ta Amurka a 1952, aka buga su a 1956. Amsarsa ita ce a ba sassa uku aiki ɗaya, sannan a kafa alƙali mai duba sakamakonsu ya ɗauki abin da biyu suka haɗu a kai. In ɗaya ya ɓata, biyun sun rufa masa asiri, aiki ya ci gaba ba wanda ya ji. Kafin shi kaɗan, a 1950, Richard Hamming na ɗakin binciken Bell ya fito da dabarar ƙara 'yan lambobin sa ido a jikin saƙo, uku a kan kowane huɗu a mafi shaharar siffarta, ta yadda in lamba ɗaya ta juye a hanya na'ura za ta gane wacce ce, ta mayar da ita daidai. Har yau jikokin wannan dabara suna aiki a ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin da bankuna ke dogara da su.

Daga baya fannin ya yi malamansa. Algirdas Avižienis a Amurka, da Brian Randell a Newcastle ta Ingila, da Jean-Claude Laprie a Tulus ta Faransa, sun shafe shekaru suna tsara ma'anoninsa, har suka haɗu da Carl Landwehr suka tattara su a wata maƙala a 2004. Jigon abin da suka tsara silsila ce mai zobe uku. Akwai aibi, wanda kan kwanta shiru a cikin na'ura ko manhaja shekara da shekaru. Ranar da yanayi ya taɓo shi sai ya haifi kuskure a cikin lissafi. In kuskuren ya tsallake duk masu gadi ya isa ga mai amfani, sai ya zama gazawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin injiniyan wannan fanni shi ne ya ɗauka cewa bangon ya riga ya tsage a wani wurin da bai gani ba, ya tanadi abin da zai tare ƙadangaren kafin ya kai ɗaka.

Sai aka gano wata matsala da ta fi mutuwar sashe muni. Sashen da ya mutu ya yi shiru, kowa ya san ya mutu. Amma akwai wanda ke lalacewa ya ci gaba da magana, ya gaya wa wannan abu kaza, ya juya ya gaya wa wancan kishiyarsa. Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, suna cikin aikin kwamfutar tuƙin jirgi da hukumar NASA ta ɗauki nauyi, sun siffanta wannan a 1982 da misalin kwamandojin rundunar Rumawa da suka kewaye birni suna aika wa juna manzanni, alhali a cikinsu akwai maciya amana. Suka tabbatar da hujjar lissafi cewa in saƙon baka ne, wanda ba shi da hatimin da ba a iya jabunsa, uku ba sa isa a rinjayi munafuki ɗaya. Sai an sami huɗu. In munafukan biyu ne, sai bakwai. Jirgin sama jannati na Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya fara tashi a 1981 ya daina a 2011, kwamfuta biyar ya riƙa ɗauka: huɗu suna gudanar da manhaja ɗaya suna duba juna, ta biyar kuwa tana riƙe da wata manhaja dabam da wani kamfani dabam ya rubuta.

Wannan ta biyar ita ce inda nake son mu daɗe, domin a kanta hikimar take, kuma rashinta ne ya jawo ɗaya daga cikin asarorin da aka fi karantarwa a fannin.

Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi karo na farko daga Kourou, a Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu na binciken kimiyya. Kimanin sakan 40 da tashi ta karkace, ta kakkarye, ta tarwatse a sama. Kwamitin bincike a ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya bi diddigi. Rokar tana da na'ura biyu masu auna matsayinta da saurinta, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jiran ko-ta-kwana. An ɗauko manhajarsu daga tsohuwar roka Ariane 4, inda ta yi shekaru ba ta taɓa ba da kunya ba. A cikinta akwai wurin da ake zuba wata lamba mai alaƙa da saurin gefe a cikin ma'aunin da ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Tsohuwar rokar ba ta taɓa kaiwa nan ba. Sabuwar ta fi ta gudu, lambar ta cika ma'aunin ta tumbatsa. Na'urar jira ce ma ta fara tsayawa. Bayan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, mai aikin ta bi ta, da dalili iri ɗaya, domin rubutu ɗaya ne a cikinsu. Bayanin ciwon da ta aika, babbar kwamfutar ta karanta shi a matsayin bayanin tafiya, ta murɗa bakin injin iya murɗawa. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, lissafin da ya jawo wannan duka ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa. Gadon tsohuwar ne aka bar shi yana gudana.

Na'ura biyu ne, amma shaida ɗaya ce. Kamar manomin da ya shuka gona uku don gudun asara, sai dai duk ukun a fadama ɗaya suke, ambaliya ɗaya ta isa.

Malamanmu na hadisi sun daɗe da warware wannan mas'ala a fagensu, kuma ina ganin ɗalibin injiniya Musulmi zai ƙaru in ya san haka. Da suka yi maganar labari mutawatiri, wanda ke ba da yaƙini, ba su tsaya ga yawan masu ruwaya ba. Sun shardanta yawan ya kai yadda al'ada ba za ta yarda su haɗa baki a kan ƙarya ko su faɗa mata bisa dace ba, kuma yawan ya tabbata a kowane mataki na isnadi tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda Ibnu Hajar ya tsara a sharhinsa na Nukhbatul Fikar. Dubi hadisin niyya, wanda Bukhari ya buɗe Sahihinsa da shi. Jama'a masu yawan gaske sun ruwaito shi daga Yahya bin Sa'id al-Ansari. Amma Yahya daga Muhammad bin Ibrahim at-Taimi ya karɓa, shi kuma daga Alƙama bin Waƙƙas, shi kuma daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi: mutum ɗaya daga mutum ɗaya har mataki huɗu. Don haka duk shahararsa ba su kira shi mutawatiri ba. Yawan da ya ɓullo daga tushe ɗaya, hukuncinsa hukuncin tushen ne.

To, in haka ne, me zai hana a sa mutane dabam-dabam su rubuta manhajar, kowa a ɗakinsa? Avižienis ya yi kira ga haka tun shekarun 1970. Sai John Knight da Nancy Leveson suka gwada. Sun ba masu rubuta manhaja a jami'o'in Bajiniya da Kalifoniya bayanin aiki ɗaya, aka hana su tuntuɓar juna, aka sami manhaja 27, aka jarraba kowace sau miliyan ɗaya. Sakamakon da suka buga a 1986 ya nuna cewa manhajojin suna haɗuwa a kan kuskure a wuri ɗaya fiye da yadda dace kawai zai haifar, nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake ga mai tunani: wurin da ya yi wa wannan wuya shi ya yi wa wancan wuya, kuma littattafai iri ɗaya suka karanta. Rarrabe ɗakuna ba ya rarrabe tarbiyya. Wannan bai rushe dabarar ba, har yau manyan jiragen fasinja suna amfani da kwamfutocin tuƙi masu mabambantan ƙira, amma ya hana a yi mata lissafin da ya wuce ƙarfinta.

Hadisin niyya dai ingantacce ne ba tare da jayayya ba, kuma ingancinsa ya zo ta wata ƙofar: an binciki mutanen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, aka tabbatar da adalcinsu da kiyayewarsu da saduwar kowa da malaminsa. Masu binciken kwamfuta ma suna da irin wannan ƙofa. Inda ba a iya samun shaidu masu yawa, sai a tsananta tantance guda ɗayan. A 2009 wata tawaga a Ostareliya a ƙarƙashin Gerwin Klein ta kammala hujjar lissafi cewa zuciyar wata manhajar sarrafa kwamfuta mai suna seL4, mai layi kusan 8,700, tana aikata daidai abin da aka ƙayyade mata, ba ƙari ba ragi. Hujjar ta ci layi wajen 200,000. Wannan aiki ne da ya cancanci girmamawa, kuma tsadarsa ta nuna dalilin da ya sa ba a yi wa kowace manhaja haka. Sannan hujja tana tabbatar da cewa rubutu ya dace da ƙa'idar da aka ba shi ne kawai. In ƙa'idar ce ba ta hango saurin sabuwar roka ba, hujjar za ta fito lafiya lau, roka kuma ta faɗi.

Shi ya sa fannin ya ƙara wani reshe, wato juriya: in abin ya auku duk da haka, yaya za a tashi? Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana gangarawa kan wata, kwamfutarsa ta fara ƙarar gargaɗi mai lamba 1202, sannan 1201. Wata na'urar hange tana ta cinye mata lokaci da aikin da ba a buƙata. Amma tawagar cibiyar MIT, wadda Margaret Hamilton ke jagorantar sashen manhajarta, ta gina ta a kan fifita muhimmi a kan wanda bai kai shi ba. Duk lokacin da kaya ya yi mata yawa sai ta sake farawa nan take, ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe tuƙi da saukarwa. Aka sauka lafiya. Wannan fiƙihu ne na gaske, sanin abin da ake bari don a tsirar da abin da ba ya baruwa. A zamaninmu kamfanin Netflix ya kai abin har ga ƙera wata manhaja, Chaos Monkey, wadda aikinta shi ne kashe kwamfutocinsa da gangan da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi ke kan kujerunsu, don a ga ko sauran za su ɗauki nauyin. Tanadin da ba a taɓa gwadawa ba, zato ne kawai ake yi masa.

Kada wani ya ce yawan tanadi rauni ne a tawakkali. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Wanda ya karɓi ajiyar mutane ya ɗora ta a kan na'ura, sannan ya ƙi tambayar me zai faru ranar da ta tsaya, sakaci ya yi da amana, ko da bakinsa cike yake da ambaton ƙaddara.

Shekarar 2024 ta maimaita darasin Ariane sau biyu. Ranar 19 ga Yuli, wani sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Miliyoyin na'urori, malami ɗaya. Kafin nan, ranar 14 ga Maris, abin ya taɓa mu a gida. Manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a rana ɗaya daura da gaɓar Kwaddibuwa. A Najeriya da Gana da maƙwabtansu tura kuɗi ta waya ya gagara, masu POS suka zauna suna kallon na'urorinsu, mai saye da mai sayarwa suka tsaya cirko-cirko da kaya a hannu. Kamfanin da ya sayi hanya a waya biyu daga cikin huɗun nan yana ganin ya yi tanadi, ashe duk ta yanki ɗaya na ƙasan teku suka ratsa. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo suka ciro wayoyin daga zurfi suka haɗa. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanya a wata wayar da abin bai shafa ba, irin Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a 2022, suka karkatar da zirga-zirgarsu can kafin a gama ɗinke sauran.