Ɗan Da Ya Dawo Da Ganyaye

Karatu: Farawa 2:15-20

Wani dattijon ikilisiya ya zo wurina ransa a ɓace. Ya sayar da bijimi ya tura ɗansa wata ƙaramar kwaleji, yana sa rai yaron zai zama likita. Sai yaron ya zaɓi ilimin halittu, sashen da ke rarraba tsirrai da dabbobi dangi dangi, yana kuma duba yadda suke rayuwa da juna. Ya dawo hutu da busassun ganyaye a tsakanin takardu. "Fasto," in ji uban, "wannan karatu ne ko wasa?"

Ya ƙaunataccena, kada mu yi saurin ganin laifin dattijon nan. Ƙanne suna jiran kuɗin makaranta. Daidai ne a kashe dukiyar gida a kan sanin sunan ciyawa?

A gonar Aidan Allah ya ba Adamu kiyaye gonar, sa'an nan ya kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. A ganina ayyukan nan biyu ba sa rabuwa. Linneyus, mutumin Suwidin wanda ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu a 1753, shi ma ɗan fasto ne.

Dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura kamar 50 kawai. A lokacin ana zaton akwai irinsu a gidajen namun daji na Faransa, ko sun ƙare a nan iri bai ɓata ba. A 2007 masu irin karatun yaron nan suka bincika, suka gane waɗancan na wani reshe ne dabam, na wajen Cadi da Kamaru. Ashe namu ba su da madadi ko'ina a duniya. Da kuskuren suna ya dawwama, da mun yi sakaci muna ganin akwai ajiya.

Ban yi wa uban alkawarin ɗansa zai yi arziki ba, gama ban ga masu wannan aiki suna gina benaye ba. Na dai tambaye shi itatuwan da ke gonarsu sa'ad da yake yaro. Ya lissafta gawo, kalgo, sabara, aduwa, ɗorawa, har ya kai ashirin. Na ce, nawa suka rage? Ya yi shiru. Can ya ce jikokinsa ba su taɓa ganin ɗorawa a tsaye ba, sai daddawa a miya.