Burodin da Ake Ratayewa a Saman Murhu

A ƙasar Suwidin akwai wani burodi da suke kira knäckebröd. Zagayayye ne mai faɗi, siriri, busasshe ƙarau, in ka karya shi sai ka ji ƙas. A tsakiyarsa akwai ƙatuwar huda. Ba don ado aka yi ta ba. A da, matan karkara sukan zura sanda a cikin hudar, su jera burodin reras, su rataye a saman murhu, inda ɗumi zai ƙarasa busar da shi, ɓera kuma bai isa ya kai ba.

Gari ne na hatsin rai, ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, sai ruwa da gishiri da ɗan yis. Ana murza kwaɓin da wani muburgi mai ƙuraje a jiki, ya bar ƙananan ramuka a fuskar burodin don kada ya kumbura a tanderu. A gidaje da yawa sau biyu kacal ake wannan gashi a shekara, bayan girbi da kuma lokacin da ƙanƙara ta narke, rafuka suka samu ruwan da zai juya injin niƙa. Ke nan uwar gida tana tsaye gaban wuta tana lissafin bakunan da za ta ciyar har wata shida. Duk wadda ta taɓa shanya kuɓewa da kaka don miyar bazara ta san irin wannan lissafi.

'Yan Suwidin kuwa sun ga yunwa da idonsu. A 1867 sanyi ya ƙi tafiya a arewacin Suwidin, ƙanƙara ta kai har watan Yuni, aka yi shuka a makare, sannan jaura ta sauko da wuri ta ƙone amfanin. Shekarar da ta biyo baya fari ya faɗa wa kudu. Mutane suka koma ɓare itatuwan daji, suna busar da farin ɓawon ciki, su niƙa su gauraya da ɗan garin da ya rage. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930, 'yan Suwidin fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka. Maƙwabtansu na Norwe ma sun bi wannan hanya, kuma har yau jikokinsu a jihar Minesota kan taru lokacin Kirsimeti su murza lefse, wani lallausan burodin dankali da kakanninsu suka zo da shi.

Burodin kirfa, wanda duniya ta fi sanin Suwidin da shi yanzu, ɗan baya-bayan nan ne. Ya fito a shekarun 1920, bai zama abin kowane gida ba sai a shekarun 1950, lokacin da fulawa da sukari da bota suka yi araha. Ana ɗumama madara, a tsoma yatsa a ji ba zafi ba sanyi, don in ta yi zafi ta kashe yis. A daka 'ya'yan kadamom a zuba a kwaɓin, a rufe da ƙyalle a bar shi ya tashi. Sai a murza, a shafa bota da sukari da kirfa, a naɗe, a yanka, a sake barinsa ya tashi kafin a shafa ƙwai a sa a wuta. Tun 1999 sun ware masa ranar 4 ga Oktoba.

Abin da ya burge ni shi ne wadata ba ta kori tsohon burodi daga tebur ba. Ƙasa ce mai arziki, kantuna cike da kowane irin abinci, amma busasshen burodin nan na hatsin rai yana nan a kusan kowane kicin, har a ɗakunan cin abinci na makarantu. Masu gasawa a yankin Dalarna ba su daina yin hudar ba, alhali kusan ba mai sauran sandar ratayewa.

A ganina iyayen da ke gasa duka biyun a gida sun fi masu saye a kanti dabara, kuma ba maganar tsimin kuɗi nake yi ba. Yaro ba ya buƙatar a lallashe shi kan burodin kirfa, ƙamshi kaɗai ya isa ya jawo shi kicin. To idan ya shigo, aka miƙa masa muburgi, aka ce ya huda tsakiyar ɗaya burodin da bakin kofi, dole ya tambayi dalili. Daga nan uwa ta samu ƙofar ba shi labarin shekarar da ƙanƙara ta kai Yuni, da kakar kakarsa da ta ci ɓawon itace, yana saurare hannunsa dumu-dumu da gari.