Shin Kuɗin Binciken Cuta Sadaka Ne?

Maganarmu ta wannan mako ta taso ne daga wata tambaya da wani dattijo mai fataucin albasa ya yi mini a Gidan Katta, cikin ƙasar Illela. Yana da ɗa matashi wanda a da yake ɗaukar buhu a ka, yana kai kaya har Birnin Ƙonni ya dawo bai ce wash ba. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Zazzaɓi ya tafi, amma ƙarfi bai dawo ba. Yau shekara biyu ke nan, in ya taka zuwa masallaci ya dawo, sai ya kwana biyu a kwance kamar an yi masa duka. An auna jininsa ba a ga kome ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska, mafi yawa kuwa suka ce lalaci ne kawai.

Dattijon ya ce yana da 'yan kuɗi da ya yi niyyar bayarwa domin Allah. Ya ji ana cewa akwai masana da ke binciken irin wannan ciwo. To, in ya ba su, sadaka ya yi, ko kuwa ya zuba ruwa a rairayi?

Kafin amsa, sai mu fara sanin cutar. Gajiya mai tsawo tana da dalilai da yawa: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro mai komowa, tarin fuka, ciwon suga da sauransu, kuma likita ne kaɗai zai rarrabe. Amma akwai wata cuta dabam wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ME, mu kuwa mu ce ciwon gajiya marar yankewa. Sau da yawa tana biyo bayan wani zazzaɓi ne. Babbar alamarta ita ce, ɗan aiki kaɗan yakan jawo wa mai ita tsananin ciwo bayan kwana ɗaya ko biyu, barci ba ya wartsakar da shi, tunaninsa yakan dushe. A shekarar 1955 ta kama ma'aikata wajen 300 a asibitin Royal Free da ke London. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa tun 1969. Duk da haka, a 1970 wasu likitoci biyu na Ingila suka rubuta cewa abin da ya faru a wancan asibiti firgita ce kawai, maganarsu kuwa ta bi masu ciwon shekaru da yawa. Ashe ba a Gidan Katta kaɗai ake ce wa majinyaci rago ba.

Kada kuma a ɗauka ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka buga a 2007 ya gano cewa a cikin manyan mutanen da aka bincika a Nijeriya, kusan 7 cikin 1,000 suna da alamunta. Har yau ba a sami gwajin jini da ke nuna ta ba, ba a kuwa sami maganin da ke warkar da ita ba.

To, a nan tambayar dattijo take da nauyi. Mutum ya fi son ya ba da abin da zai ga amfaninsa da idonsa. In ya gina masallaci zai ga sahu, in ya haƙa rijiya zai ga guga. Amma in ya ba mai bincike, mai yiwuwa a shekara goma ana aiki ba a kai ga kome ba, mai yiwuwa kuma a sami magani bayan shi da ɗansa duk sun kwanta dama. Ga mayunwata a ƙofar gida, ga marayu, ga mai naƙuda da ba ta da kuɗin mota zuwa Sakkwato. Wanda ya ce waɗannan su ne a gaba bai yi ƙarya ba, kuma ba za mu yi masa gardama ba. Wanda yunwa za ta kashe yau ba a ce masa ya jira bincike.

Sai dai mu dubi manomi. Ko a shekarar da hatsi ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, yara suna kuka, manomin kirki ba ya taɓa irin da ya rataye. Ya san in ya cinye shi ya ƙoshi yau, baɗi kuwa babu gona. Ba wanda ke kiransa marowaci don ya hana iri shiga tukunya. Kuɗin bincike shi ne irin al'umma. Kaɗan ne a kan abin da ake ci, amma al'ummar da ba ta ajiye shi za ta dawwama tana jiran abin da wasu suka shuka.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba a nan. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafta ilmin likitanci cikin farillan kifaya, watau abin da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari duka an yi laifi. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa, shi ma ya zama wajibi. Likitanci ba ya tsayuwa sai da bincike, bincike ba ya tsayuwa sai da dukiya. Magabata sun gane haka. Asibitin da Nuruddini ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da dukiyar waƙafi aka riƙe su, ana jinya a ciki ana kuma koyar da ɗalibai. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Amma a kiyaye abu guda. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci ko asibiti da ita. Saboda haka majinyacin da ciwo ya hana shi nema, shi kansa yana da hakki a zakka domin talaucinsa. Bincike kuwa ƙofarsa ita ce sadakar ganin dama, da waƙafi, da wasiyya daga sulusin dukiya.

Ko irin wannan bayarwa tana haifar da ɗa mai ido? Mu dubi Sakkwato. Cutar noma, mai cin fuskar yaran talakawa, ta daɗe ba mai kula ta. A 1999 aka buɗe asibitinta a Sakkwato da taimakon ƙungiyoyin agaji, aka yi ta jinya ana kuma rubuta abin da aka gani. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, don a mai da hankali a kansu. Shekara 24 ke nan tsakanin shuka da wannan girbi.

Haka yake ga ciwon gajiya. Da gwamnatoci suka yi sakaci, majinyata da iyayensu ne suka riƙa tara kuɗi. A Amurka, Farfesa Ronald Davis na Jami'ar Stanford ya juya ga binciken cutar bayan ta kwantar da ɗansa, kuma gudummawar jama'a ta ɗauki babban kaso na aikinsa. A Birtaniya ƙungiyoyin majinyata suka matsa har hukuma ta ba da kuɗin wani babban bincike a Jami'ar Edinburgh. Masu ciwon fiye da 15,000 suka aika da yawunsu, a 2025 kuwa aka sanar da cewa an ga bambanci a wurare 8 cikin ƙwayoyin halittarsu, masu alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi. Magani bai samu ba tukuna, amma bakin mai cewa lalaci ne ya fara mutuwa.

Saboda haka ga abin da na ce wa dattijo. Ka fara da ɗanka: ka gaskata shi, ka ciyar da shi, kada ka tilasta masa aikin da ya fi ƙarfinsa, gama a 2021 hukumar da ke tsara jinya a Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu wannan ciwo motsa jiki a hankali, bayan da yawa sun ce ya ƙara musu wahala. Sa'an nan ka dubi mabukata na kusa. Abin da ya rage ka ware iri daga ciki, ka bincika amanar wanda za ka ba, ka tambayi yadda za a kashe. Ladanka yana ga niyyarka da ƙoƙarinka, ko an dace ko ba a dace ba.

Kira na ƙarshe ga attajiranmu da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta a kusa da mu, ga likitoci 'ya'yanmu. Me zai hana a tsayar da waƙafi guda, ko rumfunan kasuwa ne ko gona, wanda amfaninsa zai riƙa tafiya ga binciken cututtukan da ba su da mai magana a madadinsu? Masallatai sun sami masu gina su, alhamdu lillahi. Wanda ke kwance a ɗaki, ya kasa zuwa masallacin, shi ne har yanzu yake jira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya karɓi sadakarmu, ta fili da ta ɓoye.