IRIN KAKANNI DA LOKACIN SHUKA



Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar 15 ga watan Mayu Ikkilisiya takan tuna da Waliyyi Isidor, manomin birnin Madrid a ƙasar Sifen, wanda ya yi rayuwarsa yana ƙodago a gonar wani, aka kuma sa shi cikin waliyyai a shekarar 1622. Saboda haka ya dace mu yi tunani a kan abu biyu da kowane mai lambu ya sani: iri, da lokacin shuka shi.

Yawancinmu mun tashi mun tarar da iyayenmu mata suna da 'yar garka kusa da gida, inda suke shuka kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, gauta, kabewa da barkono. Ba su sayen iri. Sukan bar 'ya'yan da suka fi kyau su ƙosa su bushe a jikin uwarsu, su rataye kuɓewar inda hayaƙin murhu ke kaiwa, sauran kuma su cuɗa da toka su rufe cikin gora don kada ƙwari su ci. Irin nan ya san ƙasarmu, ya jure farinmu, domin shekara da shekaru hannu yana zaɓensa. Amarya ma takan tafi da shi gidan miji.

Yau da yawa cikinmu mun bar wannan al'ada, mun dogara ga irin fakiti kaɗai. Ba mu kushe aikin masana ba. Ingantaccen irin da ke fitowa daga wurare kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya ciyar da gidaje masu yawa. Amma akwai irin da ake samu ta wurin aurar da iri biyu, wanda yakan yi yabanya mai kyau a shekarar fari, in kuwa aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, sai su fito dabam dabam. Wani firist na Ikkilisiyarmu ne, Fada Gregor Mendel, ya bayyana dalilin haka a shekarar 1865, bayan gwaje-gwajen da ya yi da waken Turawa a lambun gidan zuhudu na Brno. Da ya aurar da dogo da gajere, 'ya'yan fari duka suka yi tsawo. Amma a cikin jikoki, kusan ɗaya cikin huɗu ya koma gajere. Wanda ya yar da irin gado, ke nan, kowace shekara sai ya nemi kuɗin saye. Ran da babu kuɗi, babu shuka.

Haka bangaskiya take. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya tuna masa cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mu ma wani ne ya adana mana: katakis da ya yi tafiya a keke daga ƙauye zuwa ƙauye, da tsohuwar da ta koya mana alamar gicciye kafin mu iya karatu. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da yunwa ta sa wasu gidaje suka ci irin da suka ajiye, da ruwa ya dawo kuma suka rasa abin shukawa. Gidan da ya daina addu'ar yamma saboda neman abin duniya, shi ma irinsa yake ci.

Sai batun lokaci. Littafin Mai Hadishi, sura 3, ya koya mana cewa shuka tana da nata lokaci. Manomi mai hankali ba ya ruɗuwa da ruwan farko. Sau da yawa yakan sauka, iri ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu, tsiron ya ƙone. Don haka yakan tona ƙasa ya ga ko laima ta shiga sosai, kuma ba ya zuba irinsa duka a rana ɗaya. Kuɓewa da yakuwa na damina ne. Tumatir kuwa ya fi son sanyin hunturu, shi ya sa masu fadama ke renonsa a ƙarshen damina, su dasa bayan kamar mako huɗu zuwa shida. Mai gaggawa ya yi hasara, mai jinkiri ma ya yi hasara.

Zuciyar yaro ƙasa ce mai laima. Iyayen da ke cewa bari ya girma tukuna kafin a kai shi ajin katakizim, za su tarar ƙasar ta bushe, ko ciyawa ta riga ta cika ta. Waɗanda kuma suka shuka da aminci amma ba su ga tsiro ba tukuna, kada su karaya. A Linjilar Markus, sura 4, Ubangijinmu ya nuna cewa iri yana girma ko manomi yana barci, kuma Yakubu, a sura 5, ya ba mu haƙurin manomi ya zama abin koyi. Namu shuka ne da ban ruwa. Girma na Allah ne.

To, me za mu yi bana? Mu je wurin tsofaffinmu tun suna raye, mu roƙi irin da ke hannunsu, mu tambayi sunansa da lokacinsa. Mu gwada shi: ƙwaya 10 cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako guda mu ƙirga waɗanda suka tsiro. Mu kawo wani kashi coci a sa masa albarka, mu raba wa gwauraye da 'yan'uwanmu waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu da rumbunansu. Sa'ad da muke shuka kuma, mu kira yaranmu su tsaya kusa da mu, mu fara da addu'a.

Bari Allah, Ubangijin girbi, ya ba mu damina mai albarka, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.