Uban da Bai San Ajin Ɗansa Ba

Sakaci shi ne mutum ya san abu haƙƙi ne a wuyansa, yana da ikon yi, amma ya kau da kai. Irin da ya fi ci mini rai a Wudil shi ne na uban da ya kai ɗansa firamare, ya miƙa shi ga hedimasta, daga ranar bai ƙara taka ƙofar makarantar ba har yaron ya gama aji shida.

Ranar Juma'a abin ya fi fitowa fili. Kasuwar Kara ta cika, ana lodin shanu zuwa kudu, ga yara 'yan shekara takwas zuwa goma, wasu da rigar makaranta a jikinsu, suna jan igiya ko tallar ruwan leda, alhali tuni an kaɗa ƙararrawa. Na ga uban da ya ci karo da nasa a can da hantsi, abin da kawai ya tambaye shi: nawa ka samu? Mutumin kuwa ba wawa ba ne. Da ya buɗe bakin bijimi zai faɗa maka shekarunsa, ya san wanda ya ci dusa da wanda ya kwana da yunwa. Amma ka tambaye shi ajin da ɗansa yake, sai ya ce a tambayi uwarsa.

Uzurinsu ɗaya ne: "Ni ban yi boko ba, me zan duba?" Ban karɓi wannan ba. Uban nan dai, ko bai haddace ba, ya san inda ɗansa ya kai a makarantar allo, yana ba da kuɗin Laraba, yana zuwa gaida malam, ranar sauka kuma ya tara jama'a. Ashe ya iya bibiya. Ba sai ka ji Turanci ba za ka ce wa yaro ya kawo littafinsa bayan magariba, ka ga ko rubutu na ƙaruwa, ko malam ya sa jan biro, ka sa shi ya karanta maka layi biyu na Hausa. Yaron da ya san za a tambaye shi da dare, zamansa a aji daban ne. Malami ma ɗan Adam ne. In yara suka yi masa yawa, ɗan wanda ke leƙowa ya fi tunawa da shi.

In ka matsa musu sai su ce ai ɗa na kowa ne. Haka ne, amma sun manta da ɗaya maganar: nagari na kowa, mugu sai mai shi. Yaron da ya yi kyau, gari duka na alfahari da shi, har wanda bai taɓa saya masa fensir ba. Wanda ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba, ya faɗi jarrabawar shiga sakandare, ya koma zaman bakin tasha, wa zai ce nasa ne? Malaminsa ya karɓi sabon aji, maƙwabta sun hana 'ya'yansu bin sa. Gidan ubansa zai dawo, da girmansa da buƙatunsa.

Gwamnati na da nata laifin, ga azuzuwa cunkushe, ga yara zaune a ƙasa. Amma tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ɗora wa iyaye nauyin tura yara makaranta, Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ba wacce a ciki za ta shiga gida ta tashi yaro da asuba, ko ta sauke wa yarinya farantin talla. A kira taron iyaye da malamai, mutum nawa ke zuwa? A ce ana rabon taki, ka ga ikon Allah.

Ku ji tsoron Allah, iyaye! A garin nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, a nan Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take. Daga Legas da Fatakwal mutane ke ɗauko 'ya'yansu su tsallako gadar Wudil su kawo su karatu. Ɗan gari kuwa, wanda ubansa bai taɓa buɗe littafinsa ba, iyakarsa bakin ƙofa, yana jiran ya ɗaukar musu jaka.